Aikin Gidan Sinima na Unguwa: Jagora ga Matashi Sabon Shiga, Tun daga Bakin Ƙofa har Ɗakin Majigi

Gidan sinima mai allo ɗaya ko biyu ba ya ɗaukar ma'aikata da yawa. Sau tari mutum uku ko huɗu ne ke riƙe da wurin a dare guda, kuma ƙaraminsu shi ake aika ko'ina: ya sayar da tikiti, ya juya ya zuba gugguru, ya ɗauki tocila ya leƙa zaure, fim na ƙarewa ya rarumi tsintsiya. Aikin ba shi da wuyar koyo, sai dai agogo ne ke mulkinsa. An rubuta ƙarfe bakwai, to ƙarfe bakwai hoto zai hau allo, ko ka shirya ko ba ka shirya ba. Kusan duk matsalar da ta tashi a gaban 'yan kallo, in ka bi sawunta, za ka tarar wani abu ne da aka tsallake sa'a guda kafin a buɗe ƙofa. Shi ya sa mafi yawan abin da za a faɗa a nan shiri ne.

Tun kafin ka karɓi aikin, ka san matsayinka a doka. Yarjejeniya mai lamba 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1973, ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun fara aiki, ta yarda da aiki mara nauyi daga shekara 13, ta kuma keɓe aiki mai haɗari ga wanda ya kai 18. Kowace ƙasa tana da nata ƙarin sharuɗɗan kan aikin dare da yawan sa'o'i a ranakun makaranta. Ka tambayi manaja ƙarfe nawa za ka riƙa tashi, wa zai kai ka gida in an yi dare, da kuma waɗanne injuna ne ba a yarda ka taɓa ba. Iyayenka su ji amsar daga bakinsa.

Ƙofofin fita

Abu na farko da za ka yi kowace rana shi ne zagaya ƙofofin fita na gaggawa, ɗaya bayan ɗaya. Kallo daga nesa ba ya wadatarwa. Ka je ka tura kowace ƙofa da hannunka ta buɗe gaba ɗaya, ka leƙa bayanta ka ga ba a jingine kwalaye, tsani ko kwandon shara ba, ba a kuma ajiye mota ko babur a bakinta ba. In akwai sarƙa ko kwaɗo da ake sa wa da dare saboda ɓarayi, a cire shi a kai ofis, kada a bar shi yana reto a jikin ƙofa. Ka duba fitilar da ke nuna hanyar fita tana ci, haka ma ƙananan fitilun da ke gefen matakala.

Wannan ba tsoro ne na banza ba. Ranar 31 ga Disamba 1929, a sinimar Glen da ke garin Paisley na ƙasar Sikotilan, gwangwanin fim ya fara hayaƙi ana tsakiyar nuna wa yara fim. Wuta ba ta ma kama zauren ba, amma yaran suka ruga wajen wata ƙofa da ta ƙi buɗuwa, aka danne juna, yara 71 suka rasu. A sinimar Uphaar da ke Delhi ta ƙasar Indiya, ranar 13 ga Yuni 1997, mutum 59 suka mutu, akasarinsu hayaƙi ne ya shaƙe su a bene, inda aka toshe wata hanyar fita da ƙarin kujeru. Duk mai gidan sinima yana jin haushin yaran da ke buɗe wa abokansu ƙofar baya su sulale ciki ba tikiti. Maganin wannan shi ne a sa ido, ko a sa ƙararrawa a ƙofar. Kulle ta kuwa, muddin akwai mutum ko ɗaya a zaure, ba a yinsa. In wani na sama da kai ya ce ka kulle, ka ƙi, kuma ka faɗa wa wanda ya fi shi.

Ka san inda kowace na'urar kashe gobara take da irin wutar da take kashewa, domin ta ruwa ba ta dace da wutar mai ko ta lantarki ba. Ka san inda za a tara mutane a waje. In ƙararrawa ta kaɗa: a kunna fitilun zaure duka, a tsayar da fim da sautinsa, ka tsaya inda kowa zai gan ka, ka nuna ƙofa mafi kusa da hannu da murya mai ƙarfi amma ba ihu ba. Mutane kan nufi ƙofar da suka shigo ta ita ko da wata tana gefensu, aikinka shi ne ka raba su. Kada ka manta da banɗaki, da masu keken guragu da tsofaffi.

Tagar tikiti

Za a ba ka kuɗin canji kafin a fara. Ka ƙirga su a gaban wanda ya ba ka, ku duka ku sa hannu. In tikitin na takarda ne mai lamba a jere, ka rubuta lambar farko. A ƙarshen dare ka ɗauki lambar tikitin da ke bin na ƙarshe da ka sayar, ka cire ta farko, abin da ya rage shi ne adadin da ka sayar, kuma kuɗin da ke durowa dole su yi daidai da shi. Kada ka bar wani ya sa hannu a durowarka, ko da abokin aiki ne yana son taimako, domin in aka samu giɓi ba a san na wa ba ne.

Idan mutum ya miƙo kuɗi, ka faɗi adadinsu da baki, ka ajiye takardar a saman durowa inda yake ganinta, ka ba shi tikiti da canji, sannan ka jefa ta ciki. Wannan kaɗai ya kashe gardamar "ai babbar takarda na ba ka". Akwai kuma masu dabarar ruɗa mai canji: ya biya, kana ƙirga masa canji sai ya ce a'a bari ya ba ka ƙananan kuɗi, ya sake cewa a haɗa masa su zama babbar takarda, kafin ka farga ya tafi da ninki. Ka gama ciniki ɗaya, ka rufe durowa, sannan a shiga na biyu. In ka ji kanka ya ɗaure, ka tsaya ka kira manaja, layi zai jira.

Kafin ka buga tikiti ka maimaita wa mai saye sunan fim, lokaci da yawan mutane. Fim mai iyakar shekaru, ka bi iyakar ko da ɗan ajinku ne a gabanka yana murmushi. A ƙasashe da yawa gidan na iya rasa lasisinsa a kan wannan. Batun shigar da abokai kyauta kuwa, ka sani kuɗin tikiti ba na mai gida ne shi kaɗai ba. Kamfanin da ya ba da hayar fim yana karɓar kaso daga kowane tikiti, sau da yawa kusan rabi ko fiye a makonnin farko, kuma yakan turo wanda zai zauna cikin 'yan kallo ya ƙirga kawuna ya gwada da rahoton da aka aika masa.

Gugguru da lemo

Tunda kamfanin fim ke kwashe babban rabo daga tikiti, a kan kantar ciye-ciye ƙaramin gidan sinima ke samun abin biyan albashi. Saboda haka kada ka raina wannan kanta.

Masarar gugguru tana fashewa ne saboda ɗan ruwan da ke cikinta, kimanin kashi 14 cikin 100. In zafi ya kai wajen digiri 180 a ma'aunin Salshiyos, ruwan ya zama tururi, ɓawon ya kasa riƙe shi, sai ƙwayar ta tarwatse ta kumbura har kusan ninki 40 na girmanta. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa ake rufe mazubin masara ruf: in aka bar buhu a buɗe ta bushe, rabinta ba zai fashe ba, wadda ta fashe ma ƙanana za ta fito.

Ma'aunin da aka saba shi ne masara kashi uku, mai kashi ɗaya. Tukunyar da ke ɗaukar giram 225 na masara, wato kofi guda, tana son mai kimanin mililita 75 zuwa 80, da gishiri mai laushi kamar gari cokalin shayi ɗaya. Gishiri mai tsakuwa ba ya kama jikin gugguru, ƙasa yake zubewa. Ka kunna zafin tukunya da injin motsawa, ka ba ta minti uku ko huɗu, ka zuba mai, ka bi shi da masara da gishiri, ka rufe murfi. Kowane zubi yana ɗaukar minti uku zuwa huɗu. Kunne za ka kasa: in ƙarar fashewa ta ragu har ana samun daƙiƙa biyu ko uku tsakanin ɗaya da ɗaya, ka kifar da tukunyar nan take ta hannunta. Jiran ƙwayar ƙarshe shi ke jawo ƙonewa, kuma ƙaurin gugguru in ya shiga labule da kujeru sai ya kwana. Idan zubi na ƙarshe ne, ka kashe zafin tun fashewa na kan ganiyarta, sauran zafin ƙarfen zai ƙarasa. Tukunya babu komai a ciki tana kan wuta, ita ce ke hayaƙi, ita ce kuma ke kamawa. In mai ya kama wuta, a kashe lantarki a rufe murfi. Ruwa ba ya zuwa kusa.

In gugguru ya fito da danƙo yana kama haƙori, tururi ne ya rasa hanyar fita, ka bar ƙofar akwatin a ɗan buɗe yayin suya. Ka riƙa tura shi a kan farantin mai huji domin ƙwayoyin da ba su fashe ba su faɗa durowar ƙasa, su ne ke karya wa mutane haƙori. Cokalin ɗiba a hankali ake sa shi, ba a dannawa. Jikin tukunyar yana haura digiri 200, don haka kada ka goge ta sai ta huce ta koma ɗumi, kuma kada a tsoma ta cikin ruwa saboda wayoyin lantarki suna cikinta.

Injin lemo yana haɗa abu uku ne: ruwa, ruwan zaƙi mai kauri da ke zuwa cikin leda a kwali, da iskar gas ta CO2 mai sa lemo kumfa (ba gas ɗin girki ba). Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ruwa biyar, zaƙi ɗaya. In lemo ya fito fari salam, ledar zaƙi ta ƙare ko bakinta bai zauna daidai ba. In ya fito da zaƙi amma ba ya tsirtuwa, ko tukunyar gas ta ƙare ko ruwan bai yi sanyi ba, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe gas. Ana so ya sauka zuwa digiri 4 ko ƙasa. Tukunyar gas a tsaye take zama, ɗaure da sarƙa a bango. Gas ɗin ba shi da launi ba shi da wari, ya kuma fi iska nauyi, saboda haka in yana yoyo a ƙaramin ɗakin ajiya yakan taru a ƙasa. Ka shiga ka ji jiri ko numfashi na yi maka wuya, ka fito, ka bar ƙofa a buɗe, ka kira babba. Ƙanƙara da cokalinta ake ɗiba, ba da hannu ko kofi ba, kuma hannun da ya karɓi kuɗi ba ya taɓa abinci sai an wanke.

Cikin zaure

Ka shiga zaure da zarar fim ya fara, sannan kowane minti 20 ko 30. Tocila ƙasa take kallo, ba fuskar mutane ba, ba allo ba. Ka tsaya a baya minti ɗaya idonka ya saba da duhu, sannan ka duba abu huɗu: hoto ya fito tas kuma ya cika allo, magana tana fita, zafi ko sanyin ɗaki bai wuce kima ba, ƙofofi suna nan yadda ka bar su. Zauren da ya yi sanyi babu kowa zai yi zafi in ya cika, tunda kowane jiki tamkar ƙaramin murhu ne, don haka a kunna na'urar sanyaya ɗaki tun kafin a shigo.

Mai surutu ko mai hasken waya, ka je kusa da shi ka rusuna ka yi magana ƙasa-ƙasa da ladabi, sau ɗaya. Bai daina ba, sai manaja. Kai ba ɗan sanda ba ne, kada ka taɓa jikin kowa, kada ka ƙwace wa kowa waya. Haka in ka ga mai ɗaukar fim da kyamara, ka lura da layi da kujerarsa ka kai rahoto. Fim na zamani yana ɗauke da ɓoyayyen tambari a hoto da sauti da ke nuna a wace na'ura da wane lokaci aka nuna shi, saboda haka kwafin sata kan dawo da bincike kan gidan.

Ɗakin majigi

A yawancin gidaje ba a barin sabon shiga shi kaɗai a nan, amma ka nemi a koya maka, domin ranar da abu ya lalace mai yiwuwa kai ne mafi kusa da matakala.

Yau kusan ko'ina fim yana zuwa ne a matsayin tarin fayil da ake kira DCP, a kan ma'ajiyar kwamfuta ko ta intanet. Girmansa kan kai gigabait 100 zuwa 300, kuma dole a kwafe shi cikin kwamfutar majigi tukuna, abin da kan ci daga rabin sa'a zuwa sama da sa'a guda. Kada a bar wannan sai ranar nuni. Manyan fina-finai a kulle suke zuwa, mabuɗinsu wani ɗan ƙaramin fayil ne mai suna KDM da ake turowa daban. Mabuɗin na na'ura ɗaya ne tak, kuma yana da ranar farawa da ranar ƙarewa har da sa'a. Wanda aka yi wa zaure na ɗaya ba zai buɗe fim a zaure na biyu ba. In an ƙara wa fim mako guda ba a nemi sabon mabuɗi ba, ranar zai ƙi tashi, zaure cike. Ba ka kuma iya yaudararsa ta mayar da agogo baya, domin ƙa'idar na'urorin ba ta yarda a gyara agogon cikinsu fiye da minti 6 a shekara ba. Saboda haka duk ranar da ake sauya fina-finan mako, a buɗe kowane mabuɗi a karanta kwanan watansa.

Ka koyi karanta dogon sunan fayil, domin komai yana ciki. FTR fim ne cikakke, TLR tallan fim mai zuwa. F na nufin hoto mai faɗin 1.85 a kan tsayi 1, S kuma mai faɗin 2.39 a kan 1. Lamba 51 ko 71 tsarin sauti ne. Haruffan harshe kashi biyu ne, na farko harshen magana, na biyu na rubutun ƙasan allo, XX kuma na nufin babu rubutu. OV fim ne mai zaman kansa, VF ƙari ne kawai, kamar fassara, wanda ba ya tashi sai OV ɗinsa na cikin na'ura. In aka saita majigi a kan S alhali fim F ne, za ka ga an yanke kawunan mutane da rubutun ƙasa. In aka yi akasin haka, hoto zai tsuke a tsakiya da baƙi sama da ƙasa. Duka biyun da danna maɓalli ɗaya ake gyarawa, amma sai wani ya lura.

Ana jera abin da za a nuna a tsari: talla, tallan fina-finai, sannan fim, tare da umarnin fitilu a tsakani, rabi lokacin talla, a kashe in fim ya fara, a ɗaga in sunayen ƙarshe sun hau. Wurin wannan umarni na ƙarshe da hannu ake sa shi, a duba minti da daƙiƙar da sunaye suka fara. In aka yi kuskure, fitila ta haska ana tsakiyar ƙarshen labari, kuma ba abin da ya kai wannan ɓata wa mai kallo rai. Kowane sabon fim a gwada shi kafin ranarsa: farko, tsakiya, ƙarshe, mutum ɗaya yana zaune a zaure yana saurare.

Ma'aunin sauti da aka haɗa fim a kansa shi ne lamba 7 a na'urar sarrafa sauti ta Dolby, wanda ya yi daidai da ƙarfin ƙara na desibel 85 a gwajin kowace lasifikar gaba. Ƙananan zauruka da yawa suna sauke shi zuwa 5 da rabi ko 6 saboda ƙorafi, kuma tallace-tallace sun fi fim ƙara, don haka akan ba su nasu matakin. Ka rubuta lambar kowane fim a takarda a manna a bango. Magana daga lasifikar tsakiya take fita, wadda ke bayan allo, shi ya sa allon yake da ƙananan huji. In kana jin kiɗa da ƙarar motoci amma bakin 'yan wasa na motsi ba murya, ka duba na'urar ƙara sauti ta tsakiya, wataƙila ba a kunna ta ba. Wajen kunnawa, na'urorin ƙara sauti su ne na ƙarshe. Wajen kashewa su ne na farko, don kada tartsatsin lantarki ya buga lasifika.

Hasken da ake so a allo shi ne kandela 48 (ma'aunin ƙarfin haske) a kowace murabba'in mita. In hoto ya dushe ko yana rawa kamar kyandir, galibi ƙwan fitila ne ya tsufa. Ƙwan majigi, mai iskar zinon a cikinsa, yana yin sa'o'i 500 zuwa 3,000 gwargwadon ƙarfinsa, kuma na'ura tana ƙirga masa. Iskar cikinsa a matse take ko yana sanyi, yana iya fashewa ya watsa gilashi, shi ya sa mai canza shi ke sa garkuwar fuska, riga mai kauri da safar hannu. Wannan aikin ba na matashi ba ne, ko an ce ka gwada kada ka yarda. Naka shi ne ka tabbata fankar fitar da zafi tana aiki kafin a kunna, kuma bayan an kashe ƙwan a bar fanka minti 10 zuwa 15 kafin a yanke wuta. Sababbin majigai masu hasken lesa ba su da ƙwai, amma su ma ba a leƙa idonsu suna ci. Gilashin tagar da haske ke bi, a goge shi da ƙyalle mai laushi. Shatin yatsa ɗaya a wurin yana sa hoto ya yi hazo.

In wuta ta ɗauke, wani ya shiga zaure nan da nan ya yi wa mutane bayani, wani kuma ya rubuta mintin da fim ya tsaya. In ta dawo a komar da shi baya da minti ɗaya ko biyu.

In gidan yana da majigin fim na leda

Manyan kamfanoni sun yi watsi da fim mai faɗin milimita 35 a wajajen 2013 zuwa 2014, amma wasu ƙananan gidaje sun riƙe majiginsu saboda tsofaffin fina-finai, kuma sana'a ce da ta cancanci a koya. Fim yana gudu hoto 24 a daƙiƙa, wato kimanin mita 27 a minti. Naɗi ɗaya mita 600 ne, wajen minti 20, don haka fim na sa'a biyu naɗi shida ne, ledar da ta haura kilomita 3. Kowane hoto yana da huji huɗu a kowane gefe. Wannan huɗun ka riƙe, domin in ka yanke fim za ka haɗa, dole yankan ya faɗa daidai kan layin da ya raba hoto da hoto. In ka kuskure da huji ɗaya ko biyu, baƙin layi zai bayyana a allo, ƙafafu a sama kawuna a ƙasa. Akwai marfin murɗawa da ke daidaita shi nan take, amma bayan nuni sai a sake haɗin.

Kafin nuni a juya kowane naɗi a tebur, gefen ledar yana bi ta tsakanin yatsu cikin safar auduga, don a ji inda huji ya yage ko haɗi ya saki. Wajen zura fim, hoton a kife yake shiga, layin sauti yana ɓangarenka. A bar lanƙwasa sama da ƙasan mashigar haske, domin a nan fim tsayawa yake yana tafiya sau 24 a daƙiƙa alhali sauran jikin injin a miƙe yake ja. Lanƙwasa ta yi kaɗan, fim ya yi ƙara ya yage huji. Ta yi yawa, ya riƙa dukan ƙarfe yana karcewa. Ta ƙasan tana shafar sauti ma, tunda ana karanta sauti kimanin hoto 20 gaba da inda haske ke bi, in ta kauce sai baki da murya su saɓa. Ka juya injin da hannu 'yan zagaye kafin ka ba shi wuta.

Inda ake aiki da majigi biyu, idonka yana kusurwar dama ta saman allo in naɗi ya kusa ƙarewa. Wani ɗigo zai ƙyafta saura daƙiƙa 8, sai ka tayar da injin na biyu. Bayan kimanin daƙiƙa 7 ɗigo na biyu zai ƙyafta, sai ka mayar da hoto da sauti kan injin da ka tayar. Kowane ɗigo hoto huɗu ne kacal, kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa, don haka ba a waiwaye ba a hira.

In fim ya tsaya haske na kansa, cikin ƙiftawar ido zai narke a gaban kowa, saboda haka hannunka ya fara zuwa marufin haske kafin komai. Ledar zamani ta foliyesta ba ta tsinkewa da sauƙi, in ta sarƙe injin take lalatawa, kada ka fita daga ɗakin alhali fim na gudu. Bayan kowane nuni a goge mashigar da buroshi; dattin da ya daskare da tsinken roba ko na itace ake kankare shi, ƙarfe zai bar kaifin da zai ja layi a fim daga farko har ƙarshe. Tsohon gwangwanin da ke warin ruwan tsami, ledarsa ta fara ruɓewa, a ware shi daga sauran. Wanda aka rubuta NITRATE a gefen ledarsa, irin da aka daina yi a farkon shekarun 1950, kada ya kusanci majigi sam: in ya kama wuta ko cikin ruwa ci yake yi.

Shara da rufewa

Tsakanin nuni da nuni minti 15 ko 20 kawai za ka samu. A kunna manyan fitilu, a fara daga layin baya ana sauka. Mutum ɗaya ya kwashe kofuna da kwalaye, ya juye ragowar lemo a bokiti don kada leda ta yi yoyo, na biyu ya bi da tsintsiya. Lemon da ya zube a goge shi yanzu da ruwan ɗumi, in ya bushe takalmi zai riƙa mannewa. Cingam a jikin kujera, a ɗora masa ƙanƙara ya taurare sannan a ɓamɓare. Kada ka cusa hannu inda ido bai gani ba, tsakanin kujeru akan samu fasasshen gilashi ko allura. Sinadarin wanki mai kulorin ba a haɗa shi da mai amoniya ko mai tsami, hayaƙinsu guba ne. Allo kuwa ba a taɓa shi ko da ƙyalle, musamman mai ruwan azurfa na fim ɗin 3D, domin wurin da aka goge zai riƙa ƙyalli daban. Waya, makulli ko jakar da aka manta, a rubuta layi da lokaci a kai ofis.

Bayan nunin ƙarshe ka bi zaure layi-layi da banɗaki ɗaki-ɗaki, domin akan samu wanda barci ya kwashe. A cire bakunan injin lemo a jiƙa su, a kashe tukunyar gugguru daga bango, a fitar da shara waje don kada ta kira ɓeraye. A ƙirga kuɗi a ofis ƙofa a rufe, mutum biyu. Sai an tabbatar babu ɗan kallo ko ɗaya a ginin sannan a mayar da kwaɗo a ƙofofin gaggawa, kuma ma'aikata su fita tare.